Jim Martin: yadda yaro ɗan shekara 14 ya mutu yana sojan Ostireliya a Gallipoli

Tambaya: Na ji ana cewa akwai wani yaro ɗan shekara 14 da ya mutu yana sojan ƙasar Ostireliya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shin gaskiya ne, ko an yi wa labarin ƙari? In gaskiya ne, ta yaya hukuma ta ɗauki yaro kamar wannan aikin soja, ina iyayensa suke, kuma a wane gumurzu aka kashe shi?

Amsa: Ɗan'uwa, labarin gaskiya ne, kuma takardun da suka tabbatar da shi suna nan a ajiye. Sunan yaron James Charles Martin, amma an fi saninsa da Jim Martin. An haife shi ranar 3 ga Janairun 1901, ya rasu ranar 25 ga Oktoban 1915, wato yana da shekara 14 da wata 9, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin 'yan Ostireliya da aka san sun mutu a bakin daga a wancan yaƙi. Sai dai akwai gyara guda a tambayarka, kuma gyaran shi ne jigon labarin gaba ɗaya: ba a wani gumurzu aka kashe Jim ba, harsashi bai taɓa shi ba. Zazzaɓin taifod ne ya kama shi a cikin ramukan da sojoji ke fakewa a Gallipoli, wani zirin ƙasa a Turkiyya ta yau, ya cinye jikinsa, har zuciyarsa ta tsaya a cikin jirgin ruwan asibiti.

An haife shi a Tocumwal, wani ƙaramin gari a jihar New South Wales da ke bakin kogin Murray. Mahaifinsa Charles, haifaffen Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, ya yi sana'o'i iri-iri don ciyar da gida, mahaifiyarsa kuwa sunanta Amelia. 'Ya'ya shida suka haifa, Jim ne na uku, kuma shi kaɗai ne namiji. Bayan sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, a 1910 suka zauna a unguwar Hawthorn ta birnin Melbourne, inda ya shiga makarantar gwamnati ta Manningtree Road. A nan ne ya fara sanin faretin soja, domin tun daga 1911 dokar Ostireliya ta wajabta wa yara maza horon share fage tun suna shekara 12: motsa jiki, jerin gwano da bin umarni, sannan daga shekara 14 a ƙara musu da riƙon bindiga. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai son fahimtar abin da ya biyo baya, saboda yaron da hukuma da kanta ta koya wa tsayuwar soja tun yana aji ba zai ga wata tazara mai yawa tsakaninsa da sojan gaske ba. Da ya bar makaranta, sai ya kama aikin ƙwadago a gona a wajen Maldon, cikin jihar Victoria.

A lokacin Ostireliya ƙasa ce sabuwa, domin a shekarar da aka haifi Jim, 1901, yankunanta shida suka haɗe suka zama tarayya guda, kuma jama'arta ba su kai miliyan biyar ba. Yawancinsu suna ɗaukar Ingila a matsayin gida, shi ya sa da Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus a watan Agustan 1914, ba a yi wata doguwar muhawara ba kafin a fara tara runduna. Rundunar da aka kafa domin yaƙin ƙetare ta 'yan sa-kai ce zalla, ba a taɓa tilasta wa kowa shiga ba, har ma sau biyu, a 1916 da 1917, jama'a suka ƙi amincewa da tilastawar a ƙuri'ar raba gardama. Ana biyan farabiti sule shida a rana, kuɗin da ya ninka na takwaransa na Ingila sau da yawa, ga kaki, ga tafiya ƙasashen da ɗan gona bai taɓa mafarkin gani ba, ga kuma kallon da ake yi wa duk namijin da ya zauna a gida. Ka kuma lura da ranar da Jim ya sa hannu: 12 ga Afrilun 1915, kwana 13 kafin sojojin ƙasarsa su sauka a Gallipoli. Ma'ana, a ranar da ya yanke shawara, jaridu ba su fara buga dogayen jerin sunayen matattu ba, kuma yaƙi a idon yaro bai wuce ganguna da tutoci da tafi a bakin tashar jirgi ba.

Tambayarka a kan iyaye ita ce wadda mutane suka fi saurin yanke hukunci a kanta, kuma a nan nake roƙon a yi hattara. Mahaifinsa ya riga ya je ya nemi shiga, aka ƙi ɗaukarsa. Sai Jim ya ce tunda ba a karɓi uba ba, shi zai tafi a madadin gidan. Iyayen suka ƙi, musamman mahaifiyar. Ƙa'ida kuwa ta ce duk wanda bai kai shekara 21 ba sai ya kawo amincewar iyaye a rubuce. Abin da yaron ya yi shi ne ya gaya wa mahaifiyarsa cewa in ba su sa hannu ba, zai gudu ya shiga da wani suna, kuma ba zai taɓa rubuto mata wasiƙa ba. Wannan ba barazanar banza ba ce, domin yara da dama sun yi hakan a wancan zamani, sun je wani gari sun ba da sunan ƙarya, wasunsu sun mutu iyayensu ba su taɓa samun labari ba. Amelia ta samu kanta a halin gaba kura baya sayaki: ta ƙi, ɗanta ya ɓace mata ba suna ba adireshi, ko ta yarda, aƙalla ta san bataliyar da yake da inda za ta aika masa da wasiƙa. Suka sa hannu a takardar amincewa, shi kuma ya gaya wa hukuma shekarunsa 18. Ba na cewa sun yi daidai, domin da sun je sun gaya wa hukuma ainihin shekarunsa, da wataƙila an sallamo shi tun yana sansanin horo. Amma duk wanda ya taɓa fama da ɗa matashi mai kafiya ya san cewa tsoron rasa shi gaba ɗaya yana iya sa uwa ta karɓi abin da zuciyarta ba ta so.

A ra'ayina, mafi girman alhaki yana wuyan waɗanda aikinsu ne su tantance. Ofisoshin ɗaukar kurata ba sa neman takardar haihuwa, ko da yake ana rajistar haihuwa a duk jihohin ƙasar tun shekaru masu yawa kafin nan. Abin da ake dubawa shi ne tsawo, faɗin ƙirji, haƙora, ido da tafin ƙafa, kuma in jiki ya cika ma'auni, shekarun da baki ya faɗa su ake rubutawa. Jim ya tsallake gwajin likita, ya wuce gaban jami'in da ya rantsar da shi, ya yi makonni a hannun masu horarwa a sansanonin Broadmeadows da Seymour, ya kwana ya tashi cikin manyan maza a jirgi da kuma Masar, duk ba a samu wanda ya mayar da shi gida ba. Yana da wuya hankali ya ɗauka cewa a cikin duk waɗannan mutane babu wanda ya kalli fuskarsa ya yi zargi. Tsarin yana buƙatar mutane, kuma kawar da kai ya fi tambaya sauƙi. Ba a Ostireliya kaɗai aka yi haka ba: masu bincike sun ƙiyasta cewa yaran da suka shiga rundunar Birtaniya ba tare da sun cika shekarun da doka ta tanada ba sun kai wajen 250,000.

An ba shi lamba 1553, aka sa shi cikin rukunin farko na ƙarin dakarun Bataliya ta 21, wadda ke ƙarƙashin Birged ta 6. A ƙarshen Yunin 1915 suka tashi daga Melbourne a jirgin ruwan Berrima, suka isa Masar a watan Yuli, aka ci gaba da horar da su.

Inda za a kai su kuwa, wato zirin Gallipoli, yana gefen mashigin Dardanelles a ƙasar Turkiyya ta yau. Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai hedikwata a Istanbul, ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, sai Birtaniya da Faransa suka ƙudurta buɗe mashigin da ƙarfi domin su isa Istanbul, su kuma samu hanyar kai wa Rasha taimako. Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwa, yana cikin manyan masu wannan shawara. Harin jiragen ruwa ya ci tura ranar 18 ga Maris, aka koma ga saukar da sojan ƙasa ranar 25 ga Afrilu. Dakarun Ostireliya da Niyu Zilan, waɗanda ake kira Anzac a dunƙule, suka tarar da tsaunuka masu tsini da kwazazzabai, suka kuma tarar da Turkawa da ke kare ƙasarsu, cikinsu har da Mustafa Kemal wanda daga baya ya kafa Jamhuriyar Turkiyya. Aka maƙale a 'yar siririyar gaɓa wata da watanni. A watan Agusta aka yi babban yunƙuri na ƙarshe, aka zubar da jini mai yawa a Lone Pine da Nek da Chunuk Bair, bai haifar da komai ba. Domin cike gurbin waɗanda suka faɗi ne aka turo bataliyar su Jim.

Tun kafin ya taka ƙasar ya tsallake rijiya da baya. Ranar 2 ga Satumba, jirgin Southland da ke ɗauke da su daga Masar yana kusa da tsibirin Lemnos sai jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, UB-14, ya harbe shi. Jirgin bai nutse ba, daga baya ma an lallaɓa da shi zuwa tashar Mudros, amma an umarci mutane su sauka, wasu kwale-kwalen ceto suka kife, mutum wajen 40 suka rasa rayukansu, cikinsu har da kwamandan birged ɗin, Kanar Richard Linton. Jim ya yi kimanin awa huɗu a cikin ruwa kafin a tsamo shi. Mutane da yawa suna danganta raunin jikinsa da wannan rana, kuma mai yiwuwa ne ta rage masa ƙarfi, amma ruwan teku ba ya sa taifod. Cutar tana can tana jiransa a tudu.

Da asubahin 8 ga Satumba suka sauka, aka ba bataliyar wani yanki na ramukan gaba, a wajen da ake kira Wire Gully, kusa da Courtney's Post. A lokacin manyan hare-hare sun lafa, abin da ya rage shi ne gadi dare da rana, haƙa rami, ɗaukar ruwa da kaya daga gaɓa zuwa tsauni, da kaffa-kaffa da maharban ɓoye. Wasiƙun da ya aika gida suna nan, kuma su ne suka fi taɓa ni a duk labarin. A ciki ya gaya wa iyayensa cewa tsakaninsu da Turkawa bai wuce yadi 70 ba, ya ce kada su damu da shi domin yana nan lafiya ƙalau. Ya kuma yi ƙorafin cewa kowa yana samun wasiƙa ban da shi. Gidansu suna rubutowa, amma saƙonnin ba sa isa gare shi. Uwar da ta sa hannu domin kada wasiƙa ta yanke tsakaninta da ɗanta, ga shi ɗan yana zaune cikin rami yana tsammanin an manta da shi.

Yanzu ga abin da ya kashe shi, kuma ya kamata a yi masa bayani dalla-dalla, domin mu ma mun san wannan cuta a gidajenmu. Taifod tana zuwa ne daga ƙwayar cuta da ake kira Salmonella Typhi, wadda ke fita cikin bayan gidan mai ɗauke da ita ta shiga cikin wani ta hanyar ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Duk sharuɗɗan yaɗuwarta sun cika a Gallipoli. Dubban mutane ne cunkushe a wuri kaɗan, masai ramuka ne a buɗe kusa da inda ake ci ake kwana, gawawwaki kuma suna kwance tsakanin ramukan ɓangarorin biyu ba mai iya zuwa ya binne su, in ban da tsagaita wutar yini guda da aka yi ranar 24 ga Mayu domin wannan aiki. Ƙudaje suka yi yawan da sojoji suka riƙa ba da labarin cewa ba ka iya kai loma baki ba tare da sun rufe ta ba, kuma ƙudan da ya tashi daga masai shi ne ke sauka a kan abinci. Ruwan sha ya yi ƙaranci har sai an kawo wani a jiragen ruwa daga nesa, ana raba shi da ma'auni, ba a maganar na wanke hannu ko kwano. Abincin kuwa naman gwangwani ne mai gishiri da busasshen biskit mai taurin da ke karya haƙori, ba ganye ba 'ya'yan itace. Ga kwarkwata, ga rashin barci. Atini da gudawa suka zama ruwan dare, har ta kai a watannin ƙarshe waɗanda ake kwashewa daga zirin saboda rashin lafiya sun fi waɗanda ake kwashewa saboda rauni.

Cutar tana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana, sannan zazzaɓi ya riƙa hawa kullum, da ciwon kai da ciwon ciki da kasala, mutum ya daina cin abinci, ya rame. In ta kai mako na uku ba magani, tana iya huda hanji ko ta sa shi zubar da jini, tana kuma iya raunana tsokar zuciya. A 1915 babu maganin da ke kashe ƙwayar, domin sai a 1948 aka fara warkar da taifod da chloramphenicol. Akwai allurar rigakafi, wadda likitan Birtaniya Almroth Wright ya samar tun 1896, kuma ana yi wa sojoji, amma kariyarta ba cikakkiya ba ce, ba ta kuma hana 'yar'uwar cutar da ake kira paratyphoid, wadda sai a 1916 aka haɗa ta cikin allurar. Abin da kawai ke ceton mai taifod a wancan zamani shi ne a kwantar da shi da wuri, a ba shi ruwa mai tsabta da abinci mai laushi, a yi jinyarsa makonni. Jim bai samu wannan ba, saboda da ciwon ya fara ya ƙi zuwa wajen likita, ya ci gaba da aikinsa. Ana yawan kawo wannan a matsayin shaidar jarumtarsa, kuma ba na musun cewa yaron yana da zuciya. Amma ina ganin akwai wani abu a ƙarƙashi: wanda ya shiga da ƙaryar shekaru yana rayuwa ne da tsoron kada a ce ya gaza saboda yarinta, don haka zai daure abin da babban mutum zai kai ƙara a kansa tun ranar farko. Babba ya san iyakar jikinsa, yaro ɗan 14 bai sani ba, kuma ba a samu wanda ya tilasta masa kwanciya ba sai da lokaci ya ƙure.

Ranar 25 ga Oktoba aka sauko da shi daga tsauni, aka sa shi a kwale-kwale zuwa jirgin asibiti mai suna Glenart Castle da ke tsaye a gaɓar. Ya rame matuƙa. Bai yi awa biyu a jirgin ba zuciyarsa ta tsaya. Washegari aka yi masa jana'iza irin ta masu tafiyar ruwa, aka saka gawarsa cikin teku. Shugabar ma'aikatan jinya ta jirgin, Frances Reddoch, ta rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa tana bayyana mata yadda ya cika da kuma irin kulawar da aka yi masa. Daga ranar da ya sa hannu zuwa ranar da ya rasu wata shida ne da kwanaki, kuma zamansa a Gallipoli bai cika mako bakwai ba. A watan Disamba jaridar Herald ta Melbourne ta buga labarin rasuwarsa tana kiransa soja mafi ƙanƙanta, wanda ke nuna cewa da zarar ya mutu, gano ainihin shekarunsa bai yi wa kowa wuya ba.

Bai cika wata biyu da rasuwa ba aka kwashe dukkan dakarun Anzac daga zirin, aka kammala ranar 20 ga Disamba, sauran sojojin Birtaniya da Faransa kuma suka bar kudancinsa a Janairun 1916, ba tare da an cim ma ko ɗaya daga cikin manufofin zuwan ba. 'Yan Ostireliya fiye da 8,700 ne suka mutu a can, 'yan Niyu Zilan fiye da 2,700, ban da dubban Turawan Ingila da Faransawa da Indiyawa, kuma Turkawa da sauran sojojin Daular Usmaniyya da suka mutu sun kai wajen 87,000, adadin da sau da yawa ake tsallakewa in ana ba da labarin daga ɓangare guda. A dukan yaƙin, mutum fiye da 416,000 suka shiga rundunar Ostireliya, fiye da 60,000 ba su koma gida ba. Kada kuma mu ɗauka yaƙin wasu ne can nesa da mu: a watannin da Jim ke Masar da Gallipoli, sojojin Rejimantin Nijeriya, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, suna fafatawa da Jamusawa a Kamaru ƙarƙashin tutar Birtaniya ɗin nan, inda aka ci Garwa a Yunin 1915, Mora kuma ta yi tsayin daka har Fabrairun 1916.

Da a yau ne, abin da aka yi da Jim laifi ne a dokar ƙasa da ƙasa. Ƙarin yarjejeniyoyin Geneva na 1977 sun hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 15 ba aikin soja, Yarjejeniyar Roma ta 1998 da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta sa shi cikin laifukan yaƙi, sannan ƙarin yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta shekarar 2000 ta ɗaga shekarun shiga fagen daga zuwa 18. A 1915 babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma rundunar tana da tata ƙa'idar shekaru, kuma ita aka taka.

Abu na ƙarshe shi ne a kan laƙabin mafi ƙarancin shekaru. Masana tarihin Ostireliya suna taka-tsantsan su ce shi ne mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda aka sani, domin duk yaron da ya shiga, da ƙarya ya shiga, kuma takardun soja shekarun ƙaryar suka riƙe. An gane na Jim ne saboda ya shiga da sunansa na gaskiya kuma danginsa sun adana wasiƙunsa da kayansa, waɗanda yanzu ke hannun Cibiyar Tunawa da Yaƙi ta Ostireliya da ke Canberra, inda sunansa yake a bangon waɗanda suka mutu. An ba shi lambobin yabo uku da ake ba waɗanda suka yi wannan yaƙi tun daga farkonsa. Tunda ba shi da kabari, an rubuta sunansa a dutsen tunawa na Lone Pine da ke Gallipoli, tare da na 'yan Ostireliya da Niyu Zilan fiye da 4,900 waɗanda ba a san inda gawawwakinsu suke ba ko kuma aka saka su a teku.